Gida A Kan Taya

Yau ba da nasiha zan fara ba, labari zan ba ku na abin da ya same ni ni da kaina, in da darasi a ciki kowacce ta tsinci nata.

Ni haifaffiyar ƙasar Gezawa ce, nan aka yanke mini cibiya, nan aka ɗaura mini aure. Duk wadda ta san ƙasarmu ta san a shimfiɗe take kamar tabarma. Gona ta dafa gona, gida na kallon gida, babu wani daji da za a nuna a ce ga shi, sai dai gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka da suke tsaitsaye a cikin gonaki. In kika yi atishawa a tsakar gidanki maƙwabciya ce za ta amsa miki ta kan danga. Dutse kuwa, in ban da Dala da Gwauron Dutse da nake hangowa in an shiga da mu birni biki ko asibiti, ban san wani ba.

Maigidana direba ne, kanta yake ja ta wani Alhaji a birni. Yakan yi lodin albasa da busasshen barkono da kanwa a kasuwar 'Yankaba, ya kai su can Gembu da Nguroje a kan dutsen Mambila cikin Jihar Taraba, ya dawo da ayaba da piya. In ya tafi sai ya yi kwana goma, wani lokacin mako biyu. Shekararmu tara a haka, da 'ya'ya uku, ban taɓa tambayarsa yadda hanyar take ba, shi ma bai taɓa ba ni labari ba.

A daminar shekarar 2018 na yi ɓarin cikin wata biyar yana kan hanya. Da ya dawo abin da ya ce mini bai wuce “Sannu, Allah Ya sa mai ceto ne” ba, ya juya ya fita. Wallahi 'yar uwa, wannan fitar ta fi ɓarin yi mini ciwo. Daga nan kuɗin cefane suka fara raguwa. Wata rana kuma yana banɗaki wayarsa ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji muryar mace tana cewa, “Direba, yaushe za ka iso?” Ban ce uffan ba na kashe. Kwana biyu tsakani ya shigo yana wasa ya kira ni da “uwargida”. To ke ma kin sani, ba a uwargida sai da amarya. Shi ke nan na haɗa ɗaya da biyu, na ɗaura gaba. Abinci in ajiye masa in juya, magana sai dai in aiki yaro. Muka kusa kwana arba'in a haka.

Inna, mahaifiyarsa, tana lura da mu ba ta ce komai ba, sai ranar da aka bugo waya cewa ƙanwata da take aure a Nguroje ta haihu. Ina ta lissafin kuɗin motar da ba ni da su, sai Inna ta ce, “Wane kuɗin mota kuma? Ga mijinki can ya nufa jibi. Ki bi shi, yaran ki bar mini su.” Na ce, “Inna, motar kaya fa?” Ta ce, “Motar kayan ce take ciyar da ke, ba za ta cinye ki ba.” Ba a yi wa Inna musu.

Cikin hunturu ne, watan Disamba. Muka tashi da asuba, ni da shi a gaba, yaron mota a baya kan kaya. Na manne jikin ƙofa na juya fuska waje. Muka wuce Wudil da Birnin Kudu, muka kai Gombe, muka ratsa duwatsun Kaltungo, muka haye gadar Binuwai a Numan, sai cikin dare muka shiga Jalingo, muka kwana a gidan wani ɗan garinmu. Duk tsawon hanyar nan ban yi masa magana ba, amma idona yana aiki. Na fara ƙirga shingayen da ake tsayar da mu har lissafi ya ɓace mini, kuma kowane shinge sai ya miƙa hannu. Na ga abin da ake biya a gidan mai. Na ga da rana ya sayo mini shinkafa da nama, shi kuwa ya koma gefen taya ya jiƙa garin kwaki da ƙuli.

Washegari da hantsi muka tsaya cin abinci a Bali. Mai abincin tana buɗe baki na gane muryar. Bazawara ce, tsaf da ita, ba ta fi ni kyau ba, amma ta fi ni fara'a. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ƙara mini tsoka biyu. Na ci dai don kada in ba da kaina, amma kamar ƙasa nake haɗiya.

Daga Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, sai duwatsu suka fara matso mu. A Mayo Selbe kuwa hanya ta ƙare da wasa. Nan ake fara hawan Mambila, tudun da tsayinsa ya kai wajen mita 1,600 daga bakin teku, wato ya ninka tsayin ƙasar Kano sau uku. Titi ya dinga naɗewa a jikin dutse kamar rawani, hannun nan bango, hannun can rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Akwai wani hawa ma da direbobi suke kira Biyu da Sisi. Kunnuwana suka toshe, na runtse ido ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Mota tana nishi kamar mai naƙuda, can sai wani wari ya taso kamar an ƙona tsumma. Malam ya lallaɓa ya gangara da ita wani ɗan fili a gefen hanya, yaron mota ya yi tsalle ya tura duwatsu a bayan tayoyi. Kuloci ya ƙone.

Ba bakanike, ba gari, waya ma sai an hau wani tudu take kamawa. Malam ya tsayar da mai babur ya ɗora yaron mota, ya ce ya nemo kayan gyara a Serti, in babu ya wuce har Jalingo. Shi kuwa ba shi da halin barin kayan mutane. Ni kuma ya ce zai sa ni a motar haya ta ƙarasa da ni Nguroje. Ban san abin da ya hana ni ba, ko tsoron hanyar ne ko taurin kai, na girgiza kai kawai. Muka rage daga ni sai shi sai dutse.

Rana tana faɗuwa sanyi ya sauko. Muna cewa muna hunturu a Gezawa, ashe wasan yara muke yi. Ruwan alwala da ya ɗebo a wata ƙorama kamar zai tsinke mini yatsu. Bayan isha'i ya ɗaga kujerar mota ya zaro wani bargo ya miƙo mini, ya ce, “Ki kulle ƙofa ta ciki.” Na duba bargon nan da hasken tocila, sai na ga ashe na cikin kayan aurena ne, wanda na daɗe da jefarwa bayan ɗaki don ya tsufa. Shi ne abin rufarsa duk shekarun nan. Ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mota ya kwanta da rigar sanyi ɗaya.

Ban runtsa ba. Ni da na saba barci cikin kukan jakai da tarin maƙwabta, sai ga ni a inda babu motsin kowa sai iska. Can tsakar dare na ji haƙoransa suna haɗuwa ta ƙarƙashin ƙafata. Zuciya ta ce buɗe ki kira shi, girman kai ya ce ina! Girman kai ya yi nasara a daren nan, kuma har gobe ina jin kunyar hakan.

Da gari ya waye na fito na ga abin da ban taɓa zaton akwai shi a ƙasar nan ba. Gajimare ne a ƙasa da mu, fari fat ya cika kwari kamar an baza auduga, kawunan duwatsu suna leƙowa ta cikinsa. Wasu matan Fulani suka biyo da ƙwarya, muka sayi nono, wani manomi ya ba mu ayaba kyauta. Na haɗa duwatsu uku na hura wuta, na dafa mana shayi a 'yar tukunyarsa. Na miƙa masa, ya ce, “An gode.” Shi ke nan hirarmu ta ranar.

Da la'asar sai ga wata farar mota ta hawo, ba bas ba, ba motar kaya ba, da tagogi da labule kamar ɗakin amarya. Ta ratse ta tsaya kusa da mu. Wani tsohon Bature ya fito da matarsa, kansu fari fat. Malam yana da ɗan Turancinsa na tasha, da shi suka fahimci juna. Wai daga Jamus suke, sun ajiye aiki, 'ya'yansu sun girma. Sun tsallako teku daga Sifen zuwa Maroko, suka biyo ta Muritaniya da Senegal har suka shigo Najeriya, za su fita Kamaru ta Mayo Ndaga zuwa Banyo, niyyarsu sai Afirka ta Kudu. Ba sa tuƙin dare, shi ya sa suka nemi su kwana kusa da mu.

Tsohuwar ta kamo hannuna ta ja ni cikin motar. Tabɗi! Gani ya kori ji. Faɗinta bai kai rabin ɗakina ba, amma babu abin da babu. Ga murhun gas mai kai biyu, ga ɗan firji, ga famfo da wurin wanke-wanke, ga banɗaki da bai fi a tsaya a juya ba. A kan rufin akwai farantan sola da suke cika batir, shi yake ba su wuta. A ƙarƙashi tanki biyu, ɗaya na ruwa mai kyau, ɗaya na wanda aka yi amfani da shi. Kowane cokali da mazauninsa, kowace ƙofar kabad da sakatarta, don kada kaya su zube in an shiga gargada. Ta ce a ƙasashensu irin wannan mota ba abin kallo ba ce, mutane sukan saya ko su yi haya, lokacin hutu su tafi cikin duwatsu su yi makonni, har akwai filaye na musamman da ake biya a ajiye mota a ja wuta da ruwa.

Gaskiya abin da ya fara zuwa raina shi ne, lallai duniya da faɗi take. Ga wasu sun bar gidan bene da kuɗinsu sun zo neman kwanan mota don nishaɗi, ga mijina shekara da shekaru yana kwana a ƙarƙashin mota don mu ci tuwo. Dutse ɗaya, sanyi ɗaya, amma wani yawon buɗe ido ya kawo shi, wani neman abin sawa a baka.

Muna zaune a waje muna shan shayinsu sai rigima ta tashi tsakaninsu a kan taswirar hanya. Ban ji yarensu ba, amma faɗan miji da mata ba ya buƙatar tafinta. Ta ɗaga murya, ya buga hannu a gwiwa, ta shige mota ta ja ƙofa. Na ce a raina, ashe har da ku. Ba a yi minti goma ba sai ga ta ta leƙo ta kira shi, ya tashi ya shiga, can muka ji suna dariya. Da ta fito na kasa haƙuri, na ce da Malam, “Tambayar mini ita, yaya aka yi har ta huce?” Wannan ita ce doguwar maganar da na fara yi masa cikin kwana arba'in.

Tsohuwar ta yi dariya ta sake jan mu ciki mu biyu. Ta nuna mana teburin da suke cin abinci, ashe shi ne gadonsu. Da dare sai a sauke shi a jera katifu, kuma ƙarfen ya ɗan lanƙwashe tun a hamada, ba ya sauka sai mutum biyu sun kama, ɗaya nan ɗaya can. Ta yi bayani, Malam yana fassarawa yana sosa ƙeya. Wai shekararsu arba'in da aure, a gidansu na Jamus in sun ɓata kowa ɗakinsa yake shigewa, sai su yi mako ba magana. A nan kuwa babu ɗakin da za a shige. Wanda duk ya riƙe fushi har dare, to a zaune zai kwana, shi da wanda ya yi wa fushin. Malam ya kai ƙarshen fassarar muryarsa ta yi ƙasa, don ya san ba labarin Turawa kaɗai yake faɗa ba.

A daren nan da ya ɗauki buhunsa zai shiga ƙarƙashin mota na ce, “Malam, ka shigo, bargon zai ishe mu.” Gaban kanta kuwa kin san ba wurin kwanciyar mutum biyu ba ne. A zaune muka jingina, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba inda za a juya baya. Muka yi shiru har gilashi ya yi gumi. Sannan na ce, “Mai abincin Bali, aurenta za ka yi?”

Na zaci zai rantse ya musa. Sai ya ce, “Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye miki ba. Ban furta mata ba, amma na yi tunani.” Ji na yi kamar an soka mini wuƙa, amma ban da wurin gudu, dole na zauna na ji sauran. Ya ce, “In na isa wurinta takan ce direba ya hanya. Shekara tara ban taɓa jin wannan tambayar a gidana ba. Abin da nake tararwa shi ne omo ya ƙare, an koro yaro daga makaranta.”

Na ce, “To ni fa? Wa ya taɓa ce mini ya zaman gida? Na zubar da jini har na suma, maƙwabta suka kai ni asibiti a a-kori-kura, ka dawo ka ce mini sannu ka fita kamar akuya ce ta yi ɓari.”

Ya daɗe bai amsa ba. Da ya buɗe baki sai na ji muryarsa tana rawa. Ya ce ranar da aka bugo masa waya yana dab da gadar Numan, ya ajiye mota a gefe ya zauna a bakin ruwa yana kuka har yaron mota ya tsorata. Da ya dawo gida ya gan ni a kwance na rame, sai ya ji in ya ƙara kalma ɗaya zai fashe a gabana, shi ya sa ya fita. Wai namiji ba ya kuka a gaban iyalinsa. Na ce, “Da ka yi kukan, da ya fi mini maganin asibiti.” Ya ba ni labarin kuɗin ma, yadda wata tafiya albasa ta ruɓe a hanya aka ɗora masa rabin asarar, yake ta biya a hankali bai gaya wa kowa ba. Muka yi ta fitar da abin da yake cikinmu, wani da kuka, wani da faɗa, har muka ji zakaran wata ruga ya yi cara.

Da safe Turawan suka naɗe kayansu. Na ba tsohuwar ƙullin yajin daddawa daga cikin tsarabar maijego, ita kuma ta ba ni wata safar ulu mai kauri, na san kuma wanda zan ba. Muka ƙara kwana ɗaya, shi ne na uku, kuma in kin tambaye ni yau, ban taɓa yin kwana mai daɗinsa ba tun satin amarcina. Ranar ta huɗu yaron mota ya iso da bakanike. Muka ƙarasa hawa, muka wuce Maisamari, sai ga ƙasa ta buɗe, tuddai masu ciyawa iya ganin ido, shanu ko'ina, ga gonakin ganyen shayi na Kakara can gefe. Mun tarar an sha suna da kwana ɗaya. Ƙanwata tana ta ba ni haƙurin wahalar da na sha, ni kuwa ina ta murmushi, har ta ce, “Yaya, anya lafiyarki?”

Ba zan yi miki ƙarya in ce daga ranar ba mu sake saɓawa ba, harshe da haƙori ma suna yi. Ba kuma cewa nake yi kowacce ta ɗau jaka ta bi mijinta daji ba, hanya tana da hatsarinta, kuma ba kowane namiji ne zai faɗi gaskiya in an tambaye shi ba. Abin da na gano shi ne, gidajenmu na da wurin ɓuya da yawa. Shi ya fice zaure ko majalisa, ke ki shige ɗaka ki saki labule, ga yara da za a aika, ga maƙwabciya da za a kai wa ƙara. Sai a shekara ana gini a kan zato, alhali maganar da za ta warware komai ba ta fi ta dare ɗaya ba. Laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, ba kuma nasa ba ne shi kaɗai, kowannenmu yana jiran ɗan uwansa ya fara tambaya.

Har yanzu Malam yana kan hanyar. Mai abincin Bali ta yi aurenta da jimawa, har gudummawa na aika mata. Na saya masa sabon bargo da kuɗin adashina, amma ya ƙi rabuwa da tsohon. In zai tafi nakan yi masa dakuwa da dambun nama in an samu hali, shi kuma duk sanda ya kai gadar Numan sai ya tsaya ya kira ni. In ya dawo, ko da omo ya ƙare, sai ya sha ruwa na ce masa ya hanya, ya ce mini ya gida, sannan mu shiga lissafi.

Inna kuwa, ranar da muka dawo ta dube mu sau ɗaya ta ci gaba da tsince wakenta, ta ce, “Motar kayan ba ta cinye ki ba ke nan.” Na sunkuyar da kai na ce, “A'a Inna, ba ta cinye ni ba.”

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.